Muciyar Asabe a Kan Injin Bako

Zuwa ga uwargidana, marigayiya Asabe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Kin ga yau na kama sunanki kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba kina raye. Daga "ke" sai "uwar Rabi" idan da baƙi. Yara duk suna lafiya. Rabi ta sake haihuwa, an mayar da sunanki. Geron bayan gida ya yi kyau bana, sai dai har yanzu ba a sami mai dama kunu irin naki ba.

Na ce wa Rabi idan na gama rubutun nan ta ɗora shi a waya inda kowa zai gani. Ta ce, "Baba, tonon asirin kai ne fa." Na ce ta ɗora. A gaban mutane na ji kunyar, gara a gaban mutane in sauke ta.

Kunnena ya tafi, Asabe. Ni Iliya bakanike, wanda tun daga Ɗambatta har ƙauyukan da ke bayanta ake ce wa Mai Kunne, yau idan injin yana aiki a gabana ji nake kamar ana niƙa a wata unguwa. Na dama ya mutu murus. Na hagu yana ɗan kama magana idan mutum ya matso ya buɗe murya. Ban san ranar da abin ya fara ba. Ni dai na fara lura da shi ne bayan rasuwarki, sai na ɗora wa baƙin ciki laifi, na ja bakina na yi shiru.

Kin san irin motocin da ake kawo mini, tsofaffin da yaran birni ke gudu saboda babu inda za su jona musu na'ura ta faɗa musu ciwon. Tsohuwar mota kuwa ba ta ɓoye komai ga wanda ya san ta. Hayaƙi shuɗi, baƙin mai take sha. Hayaƙi baƙi, fetur ya yi mata yawa. Fari mai kauri da safe da rana, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Ka cire fulogi ka dubi bakinsa, ka murza baƙin mai tsakanin yatsu ka shinshina. Duk wannan ido da hanci suna yi. Amma akwai ciwon da sai kunne. Ƙarar da ke fitowa daga saman injin, 'yar siririya, yawanci gyaran wuni guda ce. Wadda ke fitowa daga ƙasa, mai nauyi, ita ce mai kashe mota. Da bambance waɗannan biyun na ci abinci, na ciyar da ke da yaranki.

A makon jiya Baba Bako ya kawo akori-kurarsa. Ba sai na tuna miki da shi ba, amma saboda masu karantawa: dattijon manomi ne, Kirista, daga ƙauyen da ke gabas da mu, kuma motarsa ta girmi aurenmu. Irin ta da ce, mai giya a jikin sitiyari, ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Ita ke fito da hatsin ƙauyensu kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti. Ita ce ta kai ki a ciwonki na ƙarshe, kina kwance a baya a kan katifa, Bako yana lallaɓa ta a ramuka kamar ya ɗauko ƙwai. Ita ce kuma ta dawo da ke.

Ya sauko yana dafa gwiwa, ya ce, "Iliya, ka saurara mini tsohuwar nan. Ranar Asabar za mu kai jikata ɗakinta a Shanono, mata da kayan gara duk a bayanta. In ka ce ta je, za ta je. In ka ce ta zauna, ta zauna. Ka san in injin nan ya buga, babu inda zan sami irinsa, sai 'yan gwangwan."

Na yi duk abin da ido zai yi. Hayaƙi ba laifi. Fulogi huɗun nan bakinsu launin ƙasa, yadda ake so. Baƙin mai sabo ne fil, Bako ya canza shi saboda biki, don haka bai gaya mini komai ba. Saura abu ɗaya, wanda saboda shi ya baro ƙauyensu.

Habu mai shayi ya bar teburinsa ya matso, 'yan zaman benci ma suka juyo, kin san yadda suke son kallon wannan ɓangaren. Na sunkuya a kan injin, na lumshe ido, na karkatar da kai yadda na saba, na ɗaga hannu Bako ya taka totur. Asabe, ban ji komai ba. Guuu kawai, babu sama babu ƙasa. Na daɗe a sunkuye ina jiran Allah ya buɗe mini ko da ƙiftawar ido ne. Da na ga zaman ya yi tsawo, sai na miƙe, na goge hannu da tsumma, na ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba. Ku tafi abinku."

Ina rufe bonet, tafin hannuna yana kan ƙarfen, sai na ji wani abu yana taɓa ni daga ciki, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan tayi yana motsi. Na san ba lafiya ba. Amma magana ta riga ta fita, mutane suna kallo, ni kuwa Mai Kunne ne. Na bar ta a haka. Bako ya juya ya dubi gindin dalbejiya, inda murhunki da kaskon ƙosanki suke a da, ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, "To, madalla," ya ja igiyar ƙofarsa ya tafi.

Ni ma sai na dubi wurin. Na tuna yadda kike hana ni sakat. Mota ba za ta tsaya a garejin nan ba sai kin taso da kofin kunu, kin zagayo ta haguna, kin kawo baki dab da kunnena kina tsokana. "Wannan kuma haƙoranta ke kaɗawa, ji fa, ƙyas-ƙyas-ƙyas, daga can sama." Wata ranar ki ce, "Ita wannan tari take irin na tsofaffi, gwaf, gwaf, daga ƙasa, sai an taka ta take yi." Ni kuma in haɗe rai in ce, "Ke me kika sani a mota? Koma kan kaskonki, kin cika mini kunne da surutu." 'Yan benci su kwashe da dariya, ke ma ki yi dariya ki koma. Sai in juya in gaya wa mai mota ciwonta, a kwance a tarar haka ne, a ce kai, Mai Kunne sai Allah.

Ran nan tuwo bai wuce mini ba. Ina ta ganin matan nan da amarya a tsaye a rana tsakanin gonaki, motar da ta ɗauko gawarki kuma an ɗaura mata igiya ana jan ta zuwa wurin masu yanka ƙarfe, duk don kada a ce Iliya ya kurmance.

Da gari ya waye na shiga madafarki. Muciyarki tana nan soke a rufin inda kika bar ta, Rabi ta hana kowa taɓawa. Maigidan da ya koya mini aiki yakan ɗora sanda a jikin injin ya kanga kunne a ɗaya bakin. Na san kunnen nan ba zai yi ba, amma na tuna abin da tafin hannuna ya ji. Na soke muciyar a bayan riga, na hau mashin, na bi hanyar cikin gonaki. An gama yankan gero, an jingine karare, kowane gida da rumbunsa a buɗe. Duk wanda ya ɗaga mini hannu sai in ga kamar ya san abin da zai kai ni.

Na tarar da gidan Bako cike da mata, ana ta dakan biki, matarsa Inna Talatu tana tsaye a kansu. Da so samu ne in ja shi gefe. Amma motar a tsakiyar fili take. Na ce ya tayar da ita. Na dasa bakin muciyar a ƙasan injin, na ciji ɗaya bakin da haƙorana, na rufe ido. Matan suka ajiye taɓarya suna kallon dattijo da muciya a baki kamar kare da ƙashi.

Sai ga shi ya hau mini cikin ƙashin kai, sarai, gwaf, gwaf, gwaf, yana ƙaruwa idan an taka, yana lafawa idan an saki. Mital ne ya cinye, ɓawon ƙarfen nan da sandar injin ke juyawa a kansa. Da kaya a bayanta, ko rabin hanyar Shanono ba za ta kai ba.

Na cire muciyar na ce, da ƙarfi, don ban san iyakar muryata ba yanzu, "Baba Bako, jiya ƙarya na yi maka. Ban ji komai ba. Kunnena ya mutu, kunya ta hana ni faɗa. Motar nan kada ta motsa sai na kwance ta."

Na tsaya ina jiran abin da ya cancance ni. Bako ya kashe injin, ya zagayo ta haguna, daidai inda kike tsayawa, ya ce, "Ai dama ba za ta motsa ba, Iliya. Zaune nake ina jiranka. Na ji ƙarar da kunnena, ban dai san ma'anarta ba. Da marigayiya tana nan, da tun jiya ta kawo maka ita."

Na ce ban gane ba. Inna Talatu ce ta matso, tana goge hannu a zane. Ta ce, "Haba Iliya, kai kaɗai ne ba ka sani ba. Shekara da shekaru duk mai mota wurin kaskonta yake fara tsayawa. Ta sa a taka mata, ta kasa kunne, sannan ta ɗebo kunu ta kai maka ƙarar a bakinta. Har gida ta zo ta same ni, ta ce, Inna, ki roƙar mini Baba, in zai yi masa magana ya bi ta hagu, kuma don Allah kada a nuna masa an gane. Ta ce sunan nan shi ne ƙashin bayansa."

Asabe, na so ƙasa ta tsage in shige. Kunyar da na kwana da ita ashe 'yar ƙarama ce. Ashe Habu ya sani, 'yan benci sun sani, direbobin tasha sun sani. Ashe dariyar da ake yi idan na kore ki ba ke ake yi wa ba, rufa mini asiri ake yi, ke kuma kina taya su. Ni ina ta hura hanci da kunnen aro, mai kunnen kuma ina ce mata ta cika surutu. Na zauna a kan turmi a gaban matan nan, hawaye ya zubo mini, ban ma goge ba.

Ranar a can na wuni. Da na sauke kaskon da ke ƙasan injin, garin ƙarfe na ƙyalli a cikinsa kamar an barbaɗa kwalli. Allah ya taimaka sandar ba ta kai ga karcewa ba. Washegari na shiga Kano na yi ta yawo wurin masu tsofaffin kaya har na sami mital irin nata. Na ɗaura, na sake cizon muciyarki, na ji tana tafiya sumul. Duk da haka ban yarda da kaina ba. Da Bako ya kawo ta gareji, na kira Habu a gaban kowa na ce, "Zo ka ji mini, ni ba na ji." Kin san wannan kalma ta fi ɗaga injin nauyi. Habu ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ba shi da bakinki. Kowace mota a bakinsa kukan akuya take yi.

Ranar Asabar suka wuce ta gaban gareji, mata cike da baya, an ɗaure gado da kwalla a sama, Inna Talatu tana rangaɗa guɗa. Bakinta na gani a buɗe. Na san Bako ya danna ham ne saboda kajin Habu sun watse. Na ɗaga masa muciya. Sun je lafiya, sun dawo lafiya.

Muciyar yanzu tana rataye cikin sufanu, da shatin haƙorana a jikinta. Rabi ta ce in mayar da ita madafa, na ce aiki take yi. Masu mota suna zuwa har yanzu, suna bi ta haguna kamar yadda kika koya musu, sai dai yanzu na san dalili, kuma nakan ce na gode. Ke ce ban taɓa ce wa ba.

Na zauna na yi ta laluben abin da kunnena ya ji sosai na ƙarshe. Ba injin ba ne, ba kiran salla ba ne. Muryarki ce, dab da ni, da ɗumin kunu a hannunki, kina ce mini gwaf, gwaf. Ita ce kuma na ce ta yi mini shiru. Ta yi, Asabe. Ki yafe mini.

Ya Allah, yadda ta rufa mini asiri a duniya, ka rufa mata a lahira. Ka haskaka kabarinta, ka yalwata shi, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka saka wa Bako da iyalinsa da alheri. Ranar da za ka tashe mu kuma, ka mayar mini da kunnena, ka sa ta zagayo ta haguna ta yi ta surutu, ba zan ƙara cewa ta koma ba. Amin.

Naki har kullum,
mijinki Iliya bakanike,
wanda har yanzu ake ce wa Mai Kunne, shi kuma ya san na wace ce.