Ciyawar Gaban Gidan Baba

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata ciwon ƙugun nan ya sake ki, maigidan da yara kuma suna lafiya. Ni lafiya lau, in ban da kunnuwana da ƙarar inji ta kusa kashewa.

Kin tambaye ni yadda aka yi kowa na kukan kasuwa, ni kuwa na ƙara injin yankan ciyawa. Ba wani asiri a ciki. Da abubuwa suka tsananta, masu manyan gidaje sun sallami masu kula da lambunansu, amma ba su iya sallamar idon maƙwabta ba. Sai na fito musu da abin da nake kira yankan gaba: in aske ciyawar da ake hangowa daga titi, in daidaita shinge da almakashi, in share, in kama gabana. Bayan gida kuwa, ko kura ce ta haihu a ciki ba ruwana. Akwai gidan da na leƙa baya na ga ciyawa har ƙugu, matar gidan na fama da itace don gas ya gagara, amma daga titi sai ki rantse ba su taɓa jin labarin talauci ba. Har littattafan da suke zubarwa a kwali nake kwasowa in karanta. Duk wanda na buɗe, maganar gaskiya ce da riƙon mutunci. Ina jin shi ya sa suka zubar.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mama ta kira ni jiya. Kin san shagon Baba a rufe yake? Ni ban sani ba. Kullum da safe yana fita da jakarsa kamar mai zuwa aiki. Sun sallami mai lambu, ciyawar gaban sabon gidan ta fara tona masa asiri. Mama ta ce in zo in yanke, amma da sharaɗi, kuma na Baba ne, ba nata ba: in zo cikin kayan aiki, in tsaya a waje, kada in kira shi Baba. Mutanen unguwar ba su san ni ba, tunda sai bayan ya kore ni su Baba suka tare a can. So yake a ga har yanzu yana da halin ɗaukar ma'aikaci.

Mutumin da ya ce gara a ce bai haifi namiji ba da a ce ɗansa na aske ciyawar mutane. Yanzu yana son askin, ɗan ne ba ya so. Na zazzage wa Mama abin da ba zan rubuta miki ba. Ta bari na gama, sannan ta ce ranar Asabar ta fi, lokacin maƙwabta suna gida.

In na je, ko dai ya amsa cewa ni ɗansa ne a gaban mutane, ko in faɗa da bakina unguwa ta ji. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Barkono

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso. Kin ce in je amma in bar harshena a gida. Ai kin san ba ya ciruwa.

Na je. Tun a mota nake jera maganganun da zan jefa masa, har na zaɓi wadda zan fara da ita. Na sauke inji, na ja igiya, na fara daga bakin ƙofa. Can sai ga shi ya fito, ya harɗe hannuwa a baya kamar yadda yake tsayawa a kan yaran shago. Yaya, ya rame. Rigar nan tasa mai ruwan toka yanzu rataye take a jikinsa, an goge ta sosai amma wuyanta ya fara cinyewa. Ya nuna mini gefen shinge ya ce ban kai ƙasa ba. Na duba, kuma gaskiyarsa ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ina cikin tara ciyawa da manjagara sai wani maƙwabci ya tsallako, mai tumbi da makullan mota a hannu. Ya yaba aikin, ya tambayi Baba a ina ya samo wannan yaro. Ga damar da na zo nema. Maganar tana kan harshena. Sai na ga hannun Baba a bayansa, yana matse yatsunsa har sun yi fari. Bai ce ni ɗansa ne ba, bai kuma ce ma'aikaci ne ba.

Ni na cike masa. Na cire hula na ce, “Ai na daɗe ina yi wa Yallaɓai aiki.”

Har yanzu ban san ko tausayi ne ko ramuwa ba. Wataƙila duka biyun.

Maƙwabcin ya ce Baba ya tura masa lambata. Baba ya ciro waya yana ta latsawa, yana hawa yana sauka. Ni na san ba ta ciki, shi ma ya sani. Daga ƙarshe ya ɗago, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “Karanto mini, ta ɓace.” Na karanto a hankali, yana sawa da yatsa ɗaya. Da ya zo wurin suna sai ya tsaya. Sannan ya juyar da wayar ya rubuta wani abu, ya mayar aljihu.

Na gama, na loda kaya. Mama ta ɗaga labule ta sake shi. Ban shiga ba, ba a ce in shiga ba.

Kin ce za ki zo ganin su ƙarshen wata. Na san ke Baba yake miƙa wa wayarsa in ta rikice masa. In ta shigo hannunki, ki duba sunan da ya sa mini. In Mai Ciyawa ya rubuta, ki ce mini kin manta ba ki duba ba.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Barkono