Abin da ke Ƙarƙashin Randata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da masu kula da wannan shafi da duk wanda zai karanta. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Malamar da ke koya mana karatu a makarantar matan aure ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma ta yi mini alkawarin ba za ta sa sunana ba. Tun da muka fara nake kuka. Ta ce in tsaya in huta, na ce a'a, in na tsaya bakin nan ba zai ƙara buɗuwa ba. Don Allah kada ku yanke mini hukunci kafin ku ji ƙarshe. Zagi kuwa, babu wanda za ku yi mini da ban riga na yi wa kaina ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai sayen zinariya ne. A Anka muke zaune, yana zuwa Bagega da Abare ya saya a hannun masu haƙa ya kai birni. Mutane sun yarda da shi, sukan ba shi kuɗinsu ya juya a raba riba, kuma shekara talatin ba wanda ya taɓa kai ƙararsa ko wurin mai unguwa. Sannan abubuwa suka zo a jere. Aka hana haƙa, 'yan bindiga suka tare shi a hanya suka kwashe kayan, suka riƙe shi sai da aka biya fansa da kuɗin mutane. Ya dawo gida karyayye. Bai yi wata biyu ba ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya ɗauke, idanu kawai suka rage masa. Masu bin sa bashi mutum goma sha ɗaya suka kai ƙara gaban alƙali, aka ce a tattara duk abin da ya mallaka a sayar, a raba musu gwargwadon abin da kowa ke bi.

Kwana kaɗan kafin ciwon ya kayar da shi, ya sa na ɗaga randar ruwan da ke kusurwar ɗakinmu, ya tona yashin gindinta ya binne wata 'yar kwalba da ba ta wuce tsawon babban yatsana ba, amma nauyinta ya ba ni mamaki. Garin zinariya ne a ciki, ragowar abin da bai fita da shi ba ranar da aka tare shi. Ya ce da ni, "Wagga ta mutane ce, ba tamu ba." Na ce na ji.

Ƙanensa ne ya ɗauko mana lauya, ɗan asalin Gummi. Ni a sanina lauya mutum ne mai baƙar riga da ke juya magana har mai gaskiya ya koma ɓarawo, don haka da tsoro na tarbe shi. Sai ga mutum ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya ƙi kujerar da muka aro dominsa, ya zauna a tabarma kusa da gadon maigidana. Kafin ya buɗe jaka sai da ya riƙe hannun nan da ya mutu ya ce, "Baba, karyewar arziki ba sata ba ce. Na san mutanen kirki da yawa da ta sama, ba za ku tozarta a hannuna ba." Na ga hawaye ya gangara ta gefen idon maigidana. Duk takardar da zan dangwala wa yatsa sai ya karanta mini ita da Hausa, ya sake, ya ce in maimaita masa abin da na fahimta. Har ya yi mini wasa, wai da na yi boko da na ƙwace masa sana'a.

Sannan ya yi mini tambaya biyu, kuma duka biyun na yi masa ƙarya.

Ta farko ya ce ni fa, Baba bai taɓa rance a hannuna ba? Ya ce in akwai, ni ma mai bin bashi ce, shari'a ta ba ni wuri a layi kamar kowa. To akwai. Shanuna huɗu na gadon ubana maigidana ya sayar ya ƙara a jari. Amma ku gaya mini, wace mace ce za ta buɗe baki a gaban ƙanen mijinta, mijin na kwance yana jin ta, ta ce tana bin sa bashi? Gobe a ce a kasuwa wance ma ta shiga layin masu ƙarar mijinta? Kunya ta rufe ni, na ce babu.

Ta biyu ya sassauta murya ya ce, "Inna, ba abin da ya rage a gidan nan? Ko kaɗan ne ku faɗa mini. Ni naku ne, amma abin da kunka faɗa mini shi zan tsaya a kansa gaban alƙali." A lokacin zuciyata ta ce, ba ki da ɗa, ba ki da gona, shanunki sun tafi, wannan kwalba ita ce shanunki. Na ce, "Ɗana, babu komai sai abin da ka gani."

Sai maigidana ya fara gurnani yana juya idanu zuwa kusurwar ɗaki. Ya kalli lauya, ya kalli randa, ya sake kallon lauya. Na san abin da yake faɗa. Lauya ya bi idanunsa da kallo ya ce, "Ayya, Baba ƙishirwa yake ji." Bai bari na tashi ba. Shi da kansa ya je ya ɗebo ruwa a randar nan, ƙafarsa a kan yashin, ya tallafo kan maigidana ya ba shi a hankali, yana goge masa haɓa da hannun rigarsa. Maigidana yana sha, idanunsa suna kaina. Tausayin bawan Allahn nan ne ya rufa mini asiri, kuma na bar shi ya rufa.

A kotu lauyan ya tsaya ya ce shi ya shiga ɗakin da ƙafarsa, ya yarda da maganar tsohuwar nan kamar yadda zai yarda da ta uwarsa. Aka sayar da shago da babur da gonar fadama, kowa ya sami abin da bai kai rabin nasa ba. Gidan ma za a sayar, sai ya bi masu bashi ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su bar mini ɗakina muddin raina. Wanda ya fara amincewa wani Bafillace ne daga wajen Zugu, in kira shi Buba, wanda ya sayar da shanu goma ya ba maigidana. Ya ce a bar wa Inna ɗakinta, ba a korar tsohuwa daga inuwa. Lauyan bai karɓi ko kwabo ba. Maigidana ya rasu kafin damina, kuma tun ranar nan ta ruwan randa bai ƙara yarda ya haɗa ido da ni ba.

Yau shekara huɗu kwalbar tana nan. Ban taɓa ta ba. Wa zan sayar wa? Duk mai sayen zinariya a ƙasar nan ya san matar wane ce ni. Ban ci ba, ban mayar ba, ina kwance da ita kamar mai gadin kabari. Malamai suna faɗa mana cewa wanda ya mutu da bashi ransa a rataye yake har sai an biya. In na gyangyaɗa bayan azahar sai in ga maigidana tsaye a ƙofar ɗaki da takalmansa a hannu. In ce masa, Malam, zauna mana. Ba ya zama, ba ya magana, randa kawai yake kallo. Ruwanta ma ɗanɗanon ƙarfe yake yi mini, ko da yanzu aka zubo shi daga rijiya. Ashe ni ce na rataye mutumin da na zauna da shi shekara arba'in da biyu?

Shi kuwa lauyan duk kaka sai ya aiko mini buhun gero, a ce in ji ɗanki na Gummi. Da geron nan nake tuwo, kowace loma sai na tura ta da ruwa.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru ya faru makon jiya. Wata mata ta yi sallama tana neman aikin surfe. Na dube ta na gane matar Buba ce. An kai musu hari, an kora sauran shanun, Buba bai tsira ba, ita da 'ya'yanta suna cikin 'yan gudun hijira a nan garin. Ba ta gane ni ba. Ta ce, "Inna, a taimake ni da ruwa." Na ɗebo mata a randar. Ta sha, ta yi hamdala, ta ce Allah ya shayar da ni a Alkausara. Na ce amin da bakin nan nawa.

Yanzu an aiko mini cewa bana lauyan da kansa zai kawo geron, ranar Juma'a mai zuwa. In na tono kwalbar na ajiye a gabansa, na san shi, ba zai ɓoye ba, gaban alƙali zai kai ta. Shin za a ce da saninsa aka yi, in ɓata sunan wanda ya rufa mana asiri? In na kai wa matar Buba a ɓoye, sauran mutum goman fa, ba hakkinsu a ciki? Shanuna huɗu da na ce babu su, ko har yanzu ina da bakin ambatonsu? Ba kurkuku nake tsoro ba, shekaruna sun wuce tsoron wannan. Fuskarsa nake tsoro, lokacin da zai kalli randar ya tuna ranar da ya ɗebo ruwa, ya gane abin da Baba yake gaya masa.

Kwana shida suka rage. Zai tuɓe takalminsa a bakin zaure, ya zauna a tabarma, ya ce Inna ina ruwa. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?