Rumfar da Aka Nuna Mini Ranar Juma'a

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Dillalan Rumfuna na unguwarmu ta Briqueterie, Yawunde.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, ina fata kana lafiya tare da iyali. Ni ce Rabi mai masa, 'yar marigayi Malam Sale tela, wanda ya sha ɗinka maka manyan riguna. Sau biyu ina zuwa zaurenka da ƙorafi, sau biyu ana ce mini ka fita. Tunda ba a saurare ni a ɗaki ba, zan faɗa a fili, masu shirin fara sana'ar abinci su ma su ƙaru.

Na ɗaya, abin da aka yi mini. Bara, bayan ƙaramar salla, na sayar da keken ɗinkin da babana ya bar mini don in kama rumfa. Ba ni da wani jari sai shi. Wani dillalinka, ba zan kama suna ba, ya ce in same shi ranar Juma'a da ƙarfe biyu. Ya kai ni wani lungu a bayan masallaci. Ranka ya daɗe, ko wurin sa ƙafa babu saboda jama'a. Bai wahalar da bakinsa ba, tsayawa kawai ya yi yana murmushi, taron ya yi masa aikinsa. Nan take na biya hayar wata shida da la'adarsa, har da godiya da addu'a a kai.

Washegari na dafa miyar taushe, na hura gawayi, na ɗora tanda. Har azahar ba wanda ya leƙo ni sai akuyoyi. Ashe lungun ba ya ɓullewa ko'ina sai ta ƙofar bayan masallaci, ita kuwa ranar Juma'a kaɗai ake buɗe ta. Kwana shida na mako shiru kake ji. Ƙullu ya yi ta lalacewa ina juyewa a kwata, ina kuka, don keken babana nake gani yana bin ruwan.

Na biyu, da na koma wa dillalin, cewa ya yi ai da idona na gani, ba wanda ya tilasta mini. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ci mini rai. A unguwar nan aka haife ni, amma aka sayar mini da taron Juma'a kamar baƙuwar da ta sauko daga jirgin ƙasa jiya.

Na uku, kada a ɗauka na zo neman tausayi ne. Na rufe rumfar, na ɗauki kujerata 'yar tsugunno, na yi mako guda ina zama nan da can, safe da yamma, ina kallon inda ƙafafun mutane ke bi. Har aka fara cewa Rabi ta zautu. A haka na gano wani gefe kusa da mahauta, inda taksi ke sauke masu shiga kasuwar Mokolo. Mutane kan yi cirko-cirko suna jiran a yanka musu nama, yawancinsu ko karyawa ba su yi ba. Mahautan ne suka kai ni wurin mai filin, wata dattijuwa. Muka daidaita wata-wata, aka rubuta a takarda gaban shaidu biyu. Yau kafin ƙarfe goma na share tanda, har daga unguwar Cité Verte ake aiko da kwanuka. Na ƙara tanda ta biyu, Alhaji, kuma ina alfahari da faɗin haka.

Don haka, 'yan'uwana masu neman rumfa, kada ku biya ranar da aka nuna muku wuri. Ku koma ranar Talata ku kaɗai. Ku sake komawa ana ruwa, don garin nan tudu da gangare ne, wata rumfar rafi ce da rufi. Ku ga mai wurin ido da ido, sannan ku tambayi maƙwabta abin da ya tashi wanda ya zauna kafin ku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, Juma'ar da ta wuce na ga dillalin nan a bakin tsohuwar rumfata tare da wata matashiya, ta rungume jakarta, idonta na ƙyalli kamar yadda nawa ya yi. Na ja ta gefe na ce ta dawo Talata. Ta dawo, ta ga akuyoyin, ta koma gida da kuɗinta.

Roƙona biyu ne. Ka hana yaranka nuna rumfa ranar Juma'a kaɗai, kuma duk wanda za a kai lungun nan a gaya masa gaskiyarsa tun a bakin hanya. Kafin a yi haka, ka sanar da su cewa masata na ƙarewa da wuri, saboda haka duk Juma'a da ƙarfe biyu ina nan tsaye a bakin lungun.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya ba ka ikon gyara abin da ke ƙarƙashinka.

Wassalam.
'Yarka, Rabi mai masa.