Sabon Ingarma da Idon Baba

Knockroe, Tipperary
Watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Fintan,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da kewa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Leanne da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a aikinka, Ya kawo muku sauƙin zafin da muke jin ya addabi kwarinku na Hunter can Ostareliya a bana. Da ana aiko zafi a ambulan da mun karɓa hannu bibbiyu, don mu nan tun Kirsimeti ruwa bai ɗauke ba. Filin ƙasa ya zama tafki, har agwagin maƙwabcinmu Mossie Dwan sun yi ƙaura sun tare a wajenmu. Maigidana Cormac lafiyarsa lau, in ban da ciwon bayan nan nasa da ba ya tashi sai ranar kwashe taki. Gwaggo Philo ta warware daga murar da ta kwantar da ita, ta koma tsare Fada a ƙofar coci tana gyara masa wa'azi. Baba yana ci yana sha, yana faɗa da rediyo kamar kullum. Na san za ka ce me ya hana ni kiran ka a waya yadda muka saba. To, duk lokacin da na ɗauki waya Baba yana kujerarsa ta bakin murhu, kunnensa kuwa ka san shi, shi ya sa na zauna na rubuto.

Zan fara da maganar Nonie. Shekaru sun ja mata, likitan dabbobi ya duba ta ya ce za ta iya ɗaukar ciki ɗaya, amma kada mu sa rai da na bayansa. Ita kaɗai ce goɗiyar kirki da ta rage mana, kuma ka san duƙushinta ne ke riƙe gidan nan duk shekarar da aka kai gwanjo. Don haka zancen ingarman da za a kai ta bana ya hana mu cin dankali cikin kwanciyar hankali tun kafin sabuwar shekara. Cormac tsohon hannu yake so, ingarman da 'ya'yansa suka riga suka shiga fili aka ga iyakar gudunsu. Ya ce shi ba ya cinikin biri a sama. Baba kuwa hankalinsa yana kan sabon da aka sauke daga tsere da kaka, aka kawo shi gonar ingarmu ta bayan gada. Sunansa na takarda Corrabawn, amma Baba tun ranar farko Ango yake ce masa, mu ma duk muka bi.

Ba zan koya maka sana'arka ba, amma ga yadda muka auna shi. Ya ci tsere tun yana ɗan shekara biyu, a gajeren zango, irin abin da masu saye ke so yanzu tunda ba su da haƙurin jira. Ubansa sananne ne, uwarsa ta yi gudu ta kuma haifi masu gudu, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuɗin barbararsa bai fi ƙarfinmu ba. Sannan 'ya'yan fari na sabon ingarma suna da farin jini a gwanjo, don babu wanda ya taɓa ganin sun zo na ƙarshe, kowa burinsa yake saya. Cormac ya ce ai nan gizo ke saƙar. Gonar za ta tara masa goɗiyoyi fiye da kima, a wayi gari an cika filin gwanjo da 'ya'yansa, masu saye su tsince kyawawan su bar ƙananan masu kiwo irinmu mu dawo da namu gida muna ciyarwa. Ya tuna mana da farin dokin nan da aka yi rububinsa kafin ka tafi, wanda yanzu ko sunansa ba a ambata. Baba ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce duk wannan zancen takarda ne, doki tafiyarsa ake saya, kuma shi bai taɓa kai goɗiya wajen ingarman da bai ga takunsa da idonsa ba.

Ranar da gonar ta buɗe ƙofa don masu kiwo su zo kallo muka tafi mu uku, muka tarar Mossie ya riga mu, yana tsaye da hularsa da ta girme ni. Ka san shi da Baba, shekara da shekaru suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a tsakar bargar nan, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi ɓaram-ɓarama ya samu na bayarwa a mashaya. Mossie ya tarbi Baba da cewa ashe tsoho yana nan da ransa, shi har ya sa an goge masa baƙar kwat ta zuwa jana'iza. Baba ya ce ya adana ta da kyau, a cikinta za a binne shi. Mutane suka yi da'ira cikin yayyafi, kowa da kofin shayinsa, ana jiran a fito da Ango.

Kafin a fito da shi, sai wani ma'aikaci ya ratsa ta can ƙarshen tsakar bargar yana jaye da Barney. Ka tuna Barney, guntun dokin gwajin nan mai gashi buzu-buzu, wanda ake kai wa goɗiya a ga ko ta shirya karɓar namiji. Shi ke shan harbi da cizo, in ta yarda kuma a janye shi a kawo mai gayya mai aiki. Yana nan yadda ka bar shi, sai tumbi da ya ƙara. Baba ya ji ƙarar kofato, ya gyara tsayuwa, ya ɗan karkata kai, ya bi shi da kallo har ya kusa shigewa. Sai ya ɗaga murya yadda ya saba in zai yanke hukunci, ya ce to, Angon dai ya yi ƙanƙanta, takunsa kuma gajere ne, shi ba ya jin masu saye za su waiwayi 'ya'yansa.

Fintan, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wasu da ke bayanmu suka tuntsire da dariya. Mossie ma ya buɗe baki zai yi tasa, ga abin da ya daɗe yana nema ya faɗo masa a hannu, sai ya dubi fuskar Baba ya ga babu alamar wasa a cikinta. Ina kallo dariyar ta mutu masa a baki. Nan take ya daki kafaɗar Baba, ya kira sunansa ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai Malachy ba zai daina tsokanar nan tasa ba sai a kabari, kuma in gaskiya za a bi, ai Barney ya fi wasu ingarmun da aka taɓa tallata musu a ƙasar nan. Aka sake kwashewa da dariya, amma yanzu tare da Baba ake yi. Ban taɓa ƙaunar marowacin tsohon nan kamar ranar ba. Baba ya yi murmushi ya karɓi wasan, sai dai hannunsa ya lallaɓo ya kama damtsena.

Da aka fito da ainihin Angon, Baba bai sake ni ba. Ya sunkuyo kamar mai gyara wuyan riga, ya ce mini a hankali in gaya masa abin da nake gani. Ka san tun muna yara kai ake yi wa wannan tambaya. Kai ake ɗorawa a kan shinge a ce duba ƙafar can, ni kuwa ina gefe riƙe da bokiti ina jin haushinka. To, ashe mai bokiti ma tana kallo. Na ce masa launinsa mai duhu ne, geza da wutsiya baƙaƙe, irin wanda ba ya ba mai saye dalilin juya baya. Ba dogo ba ne, amma kafaɗarsa a kwance take, ƙugunsa a cike, bayansa gajere. Da aka taka shi ya je ya dawo, ƙafar baya tana wuce sawun ta gaba sosai, yana tafe yana rangaji kamar ba shi ake kallo ba. Idonsa a natse yake, wata mata ta buɗe lema a gabansa ko kunne bai kaɗa ba. Aibi ɗaya na gani, ƙafar gaba ta hagu tana ɗan kallon waje. Baba ya tambaye ni daga gwiwa ne ko daga ƙasa, na ce daga ƙasa. Ya ce to da sauƙi, Nonie ba ta taɓa haifar karkatacce ba, kuma tana da tsawon da zai cike nasa. Sai ya ƙara da cewa ai kai ma haka ƙafarka ta hagu take tun kana tatata, kuma ba ta hana ka zuwa ƙarshen duniya ba.

Muka kamo hanyar gida a mota, abin share gilashi yana ta kai da komo. Can Baba ya tambaye ni, da Nonie tawa ce, zan kai ta? Na ce zan kai ta bana, tun yana ango, mu sayar da duƙushin kafin 'yan'uwansa su shiga fili su ɗaukaka uban ko su tona masa asiri. Na ce maganar Cormac gaskiya ce, za su yi yawa a gwanjo, amma duƙushin da ya gaji wannan tafiya ba zai ɓace a cikin taro ba. Baba ya ce shi ke nan, Dervla ta yanke. Cormac ya ce shi dama ya saba, a gidan nan ko kare an fi jin shawararsa. Amma da muka iso shi ya fara ɗaukar waya ya kama wa Nonie gurbi, za a kai ta cikin watan gobe in ta shirya.

Bayan kwana biyu na matsa wa Baba muka je wajen likitar ido a birni. Ta ce tsakiyar ganinsa ne ke mutuwa. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Yanzu ana yi masa allura a idon don a rage wa abin gudu, amma wanda ya tafi ba zai dawo ba, kuma duk yadda na yi da ita ta ƙi yi mini alkawarin lokaci. Ashe ya daɗe yana ɓoye mana. Jaridar tsere da yake miƙo mini in karanta masa, wai ya manta inda ya ajiye tabarau, duk wannan ne, ni kuma ina ta yi masa faɗan mantuwa. Ganin gefe yana nan, shi ya sa yake karkata kai. Hoton yaranka Tess da Rory da ka aiko, a gefen fuska yake riƙe shi, ya daɗe yana fuskantar bango yana murmushi. Ya hana ni gaya maka, ya ce kana da aikinka da iyalinka, kada a ɗaga maka hankali. Ka dai ga yadda na bi umarninsa.

Ga kuma saƙon da ya yarda in ba ka in mun yi waya. An ce in an gama barbarar bana za a ɗora Ango a jirgi cikin Yuli ya je kwarinku ya yi barbarar can, ya dawo gida a Disamba. Baba ya ce wannan ma alama ce mai kyau, ba a biya wa doki jirgi sai an hango masa kasuwa. Ya ce ka je ka dube shi da kyau, ka ji abin da mutanenku ke faɗa a kansa, ka sanar da mu. Daga nan ya juya cokali a shayi, ya ce ya ji ana neman masu rakiyar dawaki a jirgi in za su dawo, kuma wai ko tikiti ba sa saya. Ka san Baba, iyakar roƙonsa ke nan. Mossie yana zaune a wurin, ya ce ikon Allah, doki zai je Ostareliya ya dawo cikin shekara guda, ɗan mutum kuwa tun jana'izar uwarsa ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Ni ba zan yi maka kwana-kwana ba, ƙanena. Baba Disamba yake hange, ni kuwa ban amince da Disamba ba. Na san daga an gama gwanjonku na lokacin bikin Ista aiki yana lafawa har goɗiyoyinku su fara haihuwa a Agusta. Ka zo a Mayu. A lokacin, in Allah Ya yarda, Nonie ta ɗauki ciki, ƙasa ta bushe, ɗakinka ma na fitar da buhunan abincin dawaki daga ciki. Ko Ango zai yi kasuwa ko ba zai yi ba, sai nan da shekaru za a sani, kuma wannan za mu iya jira. Idon Baba ne ba na jin zai jira. Ba laifinka nake gani ba, na san nisa da ɗawainiyar iyali, amma zumunta a ƙafa take. In ka iso ka ga yana kallon bayan kafaɗarka, kada ka ɗauka fushi yake yi, kai yake kallo.

Ka gaishe mini da Leanne da kyau, ka ce mata rigar sanyin da ta saƙa wa Baba ba ya cire ta sai an yi da gaske za a wanke. Ka shafa mini kan Tess da Rory. Ka gaya wa Rory kakansa ya ji labarin faɗowar da ya yi daga kan ɗan dokinsa, ya ce yanzu ya fara zama mahayi. Cormac yana gaishe ka. Gwaggo Philo tana gaishe ka, ta ce ka aske gemun nan kafin ta gan ka. Mossie ya ce in za ka zo ka taho masa da hula, tasa ta gaji. Baba bai san da takardar nan ba, don haka bai ba ni gaisuwa ba. Amma shekaranjiya na ji shi a barga yana gaya wa Mossie cewa ko a cikin mutum dubu zai gane ɗansa da tafiyarsa. Ka zo ka taka masa a tsakar gida, ka je ka dawo, tun maganar tasa tana nan gaskiya.

Allah Ya tsare hanya, Ya sada mu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Dervla