Mangwaron Bayan Tafki

Zuwa ga mahaifiyata, bayan sallama da gaisuwar ban girma, tare da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi.

Inna, na karɓo diplom ɗina na lisans, wato digirin farko, a fannin noma. Ke ya kamata ki fara ji, sai dai kin riga takardar. Ina cikin shirin kare aikina gaban malamai Kawu Isa, ƙanenki, ya kira ni a tarho. Kafin kabu-kabu ya kai ni ƙauye daga Hamdara, an dawo daga maƙabarta.

Zan faɗa miki abin da ya kai ni tafki ran Asabar, ba ƙari ba ragi.

Ni ne ɗan farinki, saboda haka ba ki taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni Damagaram wurin Hajiya, kakata ta wajen uba. In na zo hutu, kya dama fura ki miƙa wa ƙanwata, idonki a kan ƙwarya, ki ce, "Kai wa na birni." Na san kunya ce, kowa ya sani. Amma tun da kika rasu tambaya ɗaya ta hana ni sakat: kunyar ce kaɗai, ko nisa ne ya cire ni daga ranki? Ba ni da wanda zan yi wa wannan tambaya ba a ce ba ni da ta ido ba.

Shi ya sa na ce bari in taka hanyar da kike bi zuwa lambunki na bayan tafki. Ban taɓa zuwa ba, domin dogon hutuna na damina ne, lambu kuwa aikin rani.

Ruwan bana ya cinye hanyar ƙasa, dole na bi ta kan duwatsun gabas. Ba zan ce suna da tsawo ƙwarai ba, amma hanyar awaki ce, ga santsin falalen dutse, ga ƙarangiya. Na yi ta tunanin nan kike bi da kwando a ka duk shekarar da ruwa ya yi yawa. Daga sama na hango tafkin gaba ɗaya kwance tsakanin duwatsu, balbelu sun yi fari a bakinsa. Na zauna na huta, na ji tsoron sauka, don ban san me nake nema ba.

A gangaren baya na tarar da wata tsohuwa tana yankan kaba, Iya Delu, maƙwabciyar lambunki. Ban gama gaisuwa ba ta ce tafiyata irin taki ce, kamar mai tsoron taka ƙwai. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta nuna mini wani mangwaro tsaye cikin ruwa.

Ta ce shekarar da aka kai ni Damagaram kika binne ƙwallonsa, kika kewaye shi da ƙaya, kika raɗa masa sunana. Wai da safe kafin ki taɓa guga sai kin tsaya gabansa kin ce, "Lawali, ka kwana lafiya?" In akuya ta ci masa ganye ki yi ta yi masa faɗa, wai shi ba ya iya kare kansa. Mata suna yi miki dariya, ke kuwa amsarki ɗaya: "Icce ba ya sa a ji kunya."

Inna, ban ji da kunnena ba, abin da Iya Delu ta faɗa nake maimaitawa. Na sake tambayarta ko ta tabbata sunan ke nan, na kuma sakewa, har ta ce in na ƙara za ta tura ni tafkin in tambayi iccen da kaina.

Ita ce kuma ta gaya mini mangwaron da Kawu Isa ke kawowa gidan Hajiya duk bazara, yana cewa tsaraba ce daga kasuwa, naki ne. Ke kike tsinka, ki zaɓi waɗanda tsuntsu bai taɓa ba. Shekara da shekaru ina sha, ina yi wa Kawu godiya.

Iccen ba zai rayu ba. Tun damina gindinsa ke cikin ruwa, ganyen ɓangaren tafki ya bushe, kuma mangwaro ba ya jure haka. Na so a ce ban karanta wannan ba. Na naɗe wando na shiga, ruwa har cinya, na dafa jikinsa. Na yanko 'yan rassan da suke da sauran rai, na naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Ban koma ta inda na fito ba. Na ƙarasa zagayen ta yamma, ta cikin goruba, har na fito mashayar shanu da la'asar. Yawancin wannan hanyar ban gan ta sosai ba, saboda hawaye.

Akwai ƙaramin mangwaro a tsakar gidan Hajiya, a jikinsa na yi wa rassan aure, na ɗaure da leda. Ban san ko za su kama ba. Kullum da safe sai na duba, Hajiya tana cewa idona kaɗai ya isa ya kashe su. In ɗaya ya tsira, ni ma ba zan iya kiransa da sunanki ba. Inna zan ce masa, in gaishe shi kafin in fita.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya ba ki inuwa da ruwan sanyi fiye da wanda kika ba iccen nan. Ya haɗa mu inda za ki kira ni in amsa.

Na kwana lafiya, Inna.

Ɗanki,
Lawali