Fentin Lem a Kan Noti Huɗu

Hamtramck, 4 ga Afrilu, 2011

Zuwa ga Odessa, 'yar Lemuel Pettway,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyalinki. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya, kuma kwamfutar da kika ce in rubuto ta cikinta ba ta shiga gidana ba, ba za ta shiga ba.

Kin tambayi yaushe ubanki ya bar ɗakin haɗa manyan injina. Makon da mutane suka fara sauka a duniyar wata ne, Yulin 1969. Ba sai na duba takarda ba. Kin ce wata ƙungiyar masu tsofaffin motoci na haɗa littafi da sunayen waɗanda suka haɗa injinan nan da hannu, babu sunan Lem, kuma sai da shaidar wanda suka yi aiki tare za a sa. To, ni Kazimierz Dudek na shaida. Shekara uku muna kan benci ɗaya. Ki nuna musu wannan.

Masu littafin su sani, injin nan mai silinda takwas ba don zuwa kasuwa aka fara yin sa ba. Don tsere ne. Masu dokar tseren suka ce sai an sayar wa jama'a da ɗaruruwa kafin a yarda ya shiga fili, sai kamfani ya ware ɗaki ɗaya can ƙuryar masana'anta, aka shafe shi da farin fenti, aka zaɓo mu goma sha biyu. A waje layi na tafiya, kowa noti ɗaya yake ɗaurewa har ya tsufa. Mu kuwa mutum biyu ne a kan inji guda, daga gangar jikinsa tsirara, wato bulok, har ya tashi. Lem na ƙasa, wajen fistan da sandunansu, ni ina sama. Shi kaɗai ne baƙar fata a ɗakin, kuma ba don ana son sa aka kawo shi ba, don babu mai hannunsa ne.

Dokarmu ɗaya ce. Ka ja noti da sifana mai awo har ta ce ƙas, sannan ka ɗiga masa fenti. Kowa da kalarsa. Tawa shuɗiya, ta Lem rawaya. Ba ka taɓa burushin wani, ko da ɗan'uwanka ne.

Yana aiki yana waƙar coci, ni ina ce masa, "Fasto, ka bar mu mu ji ƙarar sifana mana." Shi kuma ya ce, "Kan Kabeji, kunnenka ma ya san kiɗa? Miƙo pierogi ɗaya in yi maka addu'a." Kullum sai ya cinye rabin wannan ƙullin fulawa mai cushe da matata Halina ke ɗauro mini.

Bayan shekara biyu ko uku komai ya mutu. Masu inshora suka tsorata samari masu sayen motocin da tsadar kuɗinsu, aka sauya irin man da ake sha, sannan aka shiga layin fetur. Aka mayar da ɗakinmu wurin ajiye kwalaye. Yanzu masu kuɗi suna goge motocin da auduga, ba su san warin ɗakin ba.

Dalilin barinsa kuwa, wani inji ne ya fashe a wajen gwaji. Iyakar abin da zan ce ke nan. Ki gaishe shi in yana son gaisuwata.

Naki,
Kaz Dudek

Toledo, 15 ga Afrilu, 2011

Zuwa ga Kawu Kaz,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina godiya da amsarka da kuma shaidar da ka bayar. Na kira ka Kawu ne domin haka Baba yake ce mana tun muna yara, ko da yake ba mu taɓa ganinka ba sai a hoto.

Masu littafin sun karɓi shaidarka, amma matsalar ta koma gida. Baba ya ce kada a sa sunansa. Na karanta masa wasiƙarka yana zaune da robar iska a hanci, ya yi dariya wajen pierogi har tari ya sarƙe shi. Da na zo kan littafin sai ya daina.

"Odessa," ya ce, "wannan littafin na waɗanda ba su bar noti a kwance ba ne. Ni na bar huɗu. Na ga fentina a kansu da idona."

Na ce, "Baba, shekara arba'in da biyu fa!"

Ya ce, "Noti bai san shekara ba, yarinya."

Kawu, ban san ko ka san yadda ya rayu bayan nan ba. Maƙera aka mayar da shi, wajen narkar da ƙarfe, ya yi shekara goma sha tara a cikin ƙurar da ta cinye masa huhu. Bai taɓa neman a mayar da shi kan inji ba. A gida ko tayar mota ya sauya sai ya tsaya a hanya sau uku ya sake taɓa notin. Birkin motar Mama kuwa wurin wani yake kai wa, shi da ya haɗa injin tsere. Muna yara muna yi masa dariya.

Na tambaye shi me ya sa bai neme ka ba, tunda tafiyar awa ɗaya ce tsakaninmu. Ya ce da wane ido zai dube ka, bayan ya jawo an tsayar da bencinku mako biyu, an kusa korar ka daga ɗakin tare da shi.

Kai yake jin maganarka. Ina roƙonka ka rubuto masa layi biyu, ka ce kowa na kuskure. Masu littafin za su rufe karɓar sunaye a ƙarshen Mayu. Likita kuma bai yi mana alkawarin Yuni ba.

Taka cikin ladabi,
Odessa Pettway

Hamtramck, 27 ga Afrilu

Odessa,

Ina gaishe ki. Na karanta. Gwiwata ta matsa mini kwanan nan, ga rufin gareji yana yoyo. Ki sa sunansa kawai, ba sai kin tambaye shi ba. Taurin kai ne da shi tun da can. Ba na iya rubuta irin layin da kike so.

Ki huta lafiya,
Kaz

Toledo, 9 ga Mayu, 2011

Kawu Kaz,

Gaisuwa. Ba zan sa sunansa a bayan idonsa ba, bai tarbiyyantar da ni haka ba. Na yi zaton za ka fi haka, amma ba zan ƙara roƙo ba.

Tun ranar Alhamis yana asibiti, hawa na huɗu, ɗaki na 412. Ya sa ni in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, ban sauya komai ba:

"Kan Kabeji, an ce gwiwarka. To ai nauyin kan ne ya sauko mata. Kada yarinyar nan ta dame ka da littafi, ta gado nacin uwarta. Na ji Halina ta rasu bara, ban iya zuwa ba, kunya ta hana ni. Matar kirki ce, ta ciyar da ni shekara uku ba ta sani ba. Ka yafe mini abin da na jawo maka. Ina so in tafi da wannan a warware."

Ya jira in karanta masa sau biyu kafin ya yarda in rufe.

Taka,
Odessa

Hamtramck, 12 ga Mayu

'Yata Odessa,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jiki. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Litinin ta makon can na Yulin 1969, wajen ƙarfe biyu na rana, mutanen da ke kan wata za su taso. Wani ya kawo rediyo ɗakin kayan aiki. Lem ya kasa tsayuwa. Ya ce, "Kaz, inji ɗaya tak ne da su, in bai tashi ba sun zauna can ke nan. Minti biyar, bari in ji." Na ce, "Je ka, Fasto, ƙila su ba ka aikin tura musu." Ya ajiye sifana ya ruga. Saura noti huɗu bai ja ba.

Muna gasa da bencin da ke kusa da mu, wa zai gama inji kafin tashi. Na ce bari in ƙarasa masa. Burushinsa na kan benci yana bushewa, sai na ɗauka na ɗiga wa huɗun nan rawaya tukuna, da niyyar in ja su nan take. Ina miƙa hannu ga sifana sai ihu ya tashi. Lem ya shigo da gudu ya rungume ni ya ɗaga ni sama yana cewa, "Ya tashi! Ya tashi!" Kowa na tafi. Da ya sauke ni ya leƙa, ya ga fenti ko'ina, ya rufe ƙasan injin. Ni kuma abin ya fita daga kaina sarai.

Ranar Laraba ya dawo mini, lokacin da sandar fistan ta huda bulok ta fito a ɗakin gwaji. Foman Voss ya tara mu, ya ɗaga notin yana juya shi. "Rawaya ta wa ce?" Bai ma dubi kowa ba sai Lem. Lem ya ce, "Tawa ce, ranka ya daɗe." Ina tsaye kusa da shi, kafaɗarmu na gogar juna. Na san da na ce ni ne, faɗa za a yi mini a bar ni a kan bencina. Na san shi ba za a bar shi ba. Duk da haka na yi shiru, don wanda ya taɓa burushin wani ba ya sake shan kofi da kowa a ɗakin nan.

Duk shekarun nan na ɗauka ya gane, shi ya sa bai neme ni ba. Na ɗauka fushi yake, kuma fushin ya yi mini daɗi, don na cancance shi. Ban san yana tsayawa a hanya yana taɓa noti ba. Ko Halina ban gaya wa ba. Na riƙe ranar kowane inji da sunan kowane mutum a ɗakin nan, ina gyara wa mutane tarihi a wajen jana'iza, wannan kaɗai na ɓoye.

Kada ki karanta masa. Daga bakina ya kamata ya ji, ya zage ni in yana da numfashin zagi. Na rubuta ne don na san halina: in wasiƙar nan ta faɗa akwatin gidan waya yau, ba ni da hanyar fasawa. Ki ba masu littafin kwafinta, su buga da sunana a ƙasa.

Gobe da safe zan ɗaure gwiwar nan, in tayar da mota ƙarfe bakwai, in kama hanyar Toledo. Zan riga wasiƙar isowa. In kin ga wani tsoho yana tsaye a bakin ɗakin ya kasa shiga, ki tura shi ciki.

Naki,
Kaz