Rasuwar Saje Manjo Ɗanjuma da Gafarar da Muka Makara Nema

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Sintiri ta Garkuwar Manoma, mai tsaron ƙauyukan Batsari da Safana, ta samu labarin rasuwar tsohon mai horar da 'ya'yanta, Saje Manjo Ɗanjuma Almustapha Yasore mai ritaya, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Laraba da hantsi a gidansa, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya yi shekara talatin yana aikin soja kafin ya dawo gida ya rungumi noma, kuma da 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu, shi ya fara amsa kiranmu. Bai taɓa barin kowa ya riƙe bindiga ba sai ya iya kula da takalminsa. Kullum bayan sallar asuba sai ya jera mu, a kakkaɓe takalma saboda kunama, a shafa musu man kaɗanya, a duba igiya, wanda ya jiƙe kuma a shanya shi a inuwa, ba a bakin wuta ba. Yakan ce, "Wanda ya kasa riƙe amanar ƙafarsa, ina zai riƙe ta gari?" Ya taɓa korar shugabanmu kansa daga fareti saboda ya zo da silifas.

Ba za mu ɓoye laifinmu ba. Mun gaji da tsananinsa, muna ce masa Saje Shushaina a bayan idonsa, har ta kai ga da damina kwamitinmu, da ni mai wannan sanarwa a ciki, ya sallame shi. Da kaka, lokacin da mahara suka auka wa masu girbi kusa da Tsaskiya, waɗanda suka riƙe koyarwarsa ne suka keta gonaki suka fitar da mata da tsofaffi. Waɗanda suka koma wa takalmin roba kuwa tsinin kara ya tsayar da su, cikinsu muka rasa Malam Musbahu, uban 'ya'ya huɗu. Mun yanke shawarar zuwa ba Saje haƙuri, amma kunya ta sa muka yi ta yau da gobe, sai da ƙyar muka tsayar da Juma'ar nan. Da na sani ƙeya ce.

Muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa, Malama Saude, da 'ya'yansa bakwai da ɗaukacin jama'ar Yasore. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba ku juriyar wannan babban rashi.

A wurin jana'iza liman ya roƙi duk wanda marigayin ya saɓa wa ya yafe masa, jama'a suka amsa, mu kuwa muka kasa ɗaga kai. Malama Saude, shi ya tafi bai ji daga bakinmu ba. Ke da 'ya'yansa muke roƙo, don Allah ku yafe mana.

Sa hannu:
Malam Jabir Abdulgaffar Safana
Jami'in Hulɗa da Jama'a
Ƙungiyar Sintiri ta Garkuwar Manoma